Ruwan Gayya a Gonar Arzika

Direbobin da ke bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu sun san randar tun kafin su san mai ita. Tana nan a gindin wata tsamiya, daidai inda titi ya yi kwana ya gangara wajen fadama, an binne gindinta cikin yashi, an rufe bakinta da faifai, ga moɗa rataye a reshe. Wanda ƙishirwa ta kama sai ya tsaya ya sha, ya yi hamdala, ya kama gabansa. Ba a tambayar sunanka, ba a tambayar garinku. Mai cika ta kowace safiya shi ne Arzika, wani manomin albasa siriri, mai tafiya a hankali kamar ba ya son ƙasa ta ji nauyinsa. Ba shi da sarauta, ba shi da karatun da za a zo ɗauka wurinsa. Abin da ya mallaka a duniya gona ce guda da rijiyar da ke gangarenta, kuma in ka matsa masa sai ya ce maka rijiyar ma ba tasa ba ce, ajiya ce aka bar masa.

Ubansa ne ya haƙa ta, tun titin bai ga kwalta ba. Duk rijiyoyin tungarsu ruwan zartsi gare su, in ka sha sai ka ji harshenka ya yi nauyi, in ka yi wanki sabulu ya ƙi kumfa. Ita kaɗai Allah ya ba garɗi, ga sanyi ko da bazara ta kai bazara. Tsohon ya ɗauki wannan a matsayin kyautar da ba a ci shi kaɗai, shi ya sa ya kafa randa a bakin hanya. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, bai yi wa Arzika wasiyyar gona ko ta dabba ba. Cewa ya yi, "Kada wani shi tsaya ga icen can ka ce mai babu ruwa." Arzika yana saurayi lokacin, ya ce to, kuma wannan to ɗin ita ce ta zama rayuwarsa.

Ya auri Maryamu, mace mai fara'a da saurin baki, wadda ta gane tun da wuri cewa in tana son hira a gidan nan to sai dai ta yi ta ita kaɗai. Sun haifi 'ya'ya da dama, ƙasa ta karɓi mafi yawansu tun suna goye. Wadda ta rayu ita ce Ummu Hani, tana aure a Zauro. Har yau tsofaffin tunga ba su manta ba, ran da ɗansu na fari ya rasu, sai da Arzika ya je ya cika randa kafin ya zo a ɗauki gawa. Wasu suka ce taurin zuciya ne. Maryamu ta san ba haka ba ne, amma ba ta tsaya yi wa kowa bayani ba.

Aibinsa guda, kuma ba ƙarami ba ne: rowar magana. Arzika zai ba ka ruwa, ya ba ka albasa, ya ba ka aron garma, amma in ka tambaye shi dalilin abu sai ya ba ka kalma ɗaya ya ja bakinsa. Mutane sun saba, har suna yi masa tsiya cewa da magana albasa ce da rumbunsa ya fi na kowa cika, tunda ba ya fitar da ko ɗaya. Shi ma dariya yake yi. Ba wanda ya taɓa zaton wannan hali zai ci wani abu.

Cikin masu tsayawa gindin tsamiyar akwai wata mata, Caroline, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a wata makarantar kimiyya da ke Birnin Kebbi. Daga can yankin tsakiyar ƙasa aiki ya kawo mijinta, ta biyo shi tana da tsohon ciki. Motarsu ta lalace a kwanar nan da tsakar rana, ba ta san kowa ba, ga zafin da ba ta taɓa ji ba. Wani mutum ya taso daga gona, ya miƙa mata moɗa, ya shimfiɗa mata buhu a inuwa, ya koma bakin aikinsa. Tun daga ranar, duk sanda za ta Argungu sayen kifi sai ta tsaya ta sha, ko ba ta jin ƙishi. Tana ce masa Baba, yana ce mata Malama.

Ana cikin haka, bayan damina ta ɗauke, albasa ta fara tsayawa da ƙafarta, sai wata tankar man dizal ta kwaso gudu ta kasa shan kwanar. Ta kife a kafaɗar titi, cikinta ya tsage, mai ya yi ta kwarara zuwa gangare. Allah ya tsare, wuta ba ta tashi ba, direban ma ya fito da ƙafarsa. Kafin a ce me, mutane sun cika wurin da jarkoki da bokitai, har da masu kwanon tuwo, suna tattaka shukar Arzika suna kwalfar abin da ya taru a kwari. Masu tankar suka zo daga baya da babbar mota, suka janye kayansu, suka ce Allah ya kiyaye gaba, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Aka bar tsoho da rabin gona baƙi ƙirin, albasa ta yi laushi ta kwanta, wari kuwa ko akuya ba ta son bi ta wajen.

Bai yi kukan albasa ba. Gari na wayewa ya nufi rijiya, ya jefa guga, ya ɗanɗana. Garɗin yana nan. Sai a lokacin ya saki numfashi.

Da labari ya kai wa Caroline, ta hau kabu-kabu ta zo. Ta sa ya haƙa ramuka nan da can, tana dumbuzar ƙasar tana shinshinawa, tana zubawa a 'yan kwalabe. Man ya jiƙe ƙasar sama kamar kamu guda, a ƙarƙashinsa akwai laka mai danƙo da ta ɗan tare shi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa a fadama ba nisa gare shi ba.

Arzika ya ce, "Malama, rijiyar hwa? Albasa in ta mutu a dasa wata. Rijiyar ita ad damuwata."

Ta ce, "Baba, man bai kai ga ruwa ba tukuna, kuma in mun yi sauri kafin damina ba zai kai ba. Akwai wasu ƙananan halittu a cikin ƙasa da cikin kashin shanu, ido ba ya ganinsu. Wasunsu mai suke ci. In muka tara su, muka kula da su, za su cinye shi."

Ya dube ta da kyau, ko wasa take yi. "Su ci mai? Wanga mai da ko kare ba ya lasa tai?"

"Shi fa, Baba. Amma kamar dabba suke, sai da abinci, sai da iska, sai da ɗan damshi. Damshi kawai, irin na dambu, wanda in ka dunƙula ya dunƙulu amma ba ya ɗiga." Ta riƙe hannun rigarsa don ya saurara. "Ka ji wannan da kyau. Kada a yi wa wurin nan ban ruwa irin na albasa ko na shinkafa. In ruwa ya kwanta a kai, zai shaƙe su su mutu, ya kuma danna man ya yi ƙasa, har inda rijiyarka ke shan ruwa. In ya kai can, ni da kai ba mu da hannun da zai kamo shi."

Wata rana da ya shiga birni ta kai shi ɗakin aikinta, ta ɗora ɗigon ruwan taki a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ta ce ya leƙa. Ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, bai ga komai ba sai hazo, domin yanar ido ta daɗe da rufe masa gani. Ya ɗago ya ce, "Malama, ni da ko raƙumi sai ya matso nika gane shi. Amma tunda kin ce suna nan, suna nan." Haka ya karɓi maganar, ya kama aiki.

Aikin ba na tsoho ba ne, amma shi ya yi shi. Ya bi rugagen Fulani yana roƙon kashin shanu, ya je injin casar shinkafa a Argungu ya ɗauko ɓuntu a amalanke. Ya sassare baƙar ƙasar nan, ya cuɗa ta da taki da ɓuntu, ya tattara ta tsibi-tsibi a jere. Bayan 'yan kwanaki sai ya bi da shebur ya juya kowane tsibi don iska ta shiga. Injin ban ruwansa ya jingine shi a zaure. Ya samo tsohuwar garwa, ya huhhuda gindinta da ƙusa, da ita yake bi yana yayyafi kamar mai shayar da jariri.

Wata safiya ya cusa hannu cikin tsibi har gwiwar hannu, sai ya ji ɗumi, irin ɗumin da ake ji a cikin akurkin kaji. Ya bar hannunsa a ciki. Ba ya ganinsu, amma ga su nan da rai, suna ci. Daga ranar ya fara kiransu bisashensa. In ya dawo gida Maryamu ta tare shi da tsokana, "Malam, bisashen naka sun ƙoshi? Yaushe za mu kai guda kasuwa?" Sai ya murmusa. Warin ya fara ja da baya. Baƙin ƙasar ya fara komawa ruwan ƙasa. Ran da ya ga tana, tsutsar ƙasa, tana murɗawa cikin shebur, sai da ya ɗauko ta a tafin hannu ya kawo wa Maryamu ta gani. Caroline ta zo ta ɗebi ƙasa, ta dawo tana murna, ta ce in aka ci gaba haka za su riga damina.

Maƙwabtansa kuwa kallo suke yi, kuma abin yana damunsu. Shugaban masu noman rani na tungar shi ne Musaddiq, ɗan aminin Arzika da ya rasu, magidanci mai zuciyar taimako da saurin yanke shawara. Ya same shi a gona ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, wagga wahala ta yi yawa. Mi zai hana mu sako mata ruwa mu wanke ta, awa yadda muka saba in kanwa ta taso?"

Ba maganar banza ya yi ba. A fadamar nan, in kanwa ta taso ta yi fari a kan gona shuka ta ƙi, maganin da aka gada shi ne a ɗaga bakin gona, a cika ta da ruwa, a bar shi ya nutse da kanwar, a sake cikawa. Iyayensu sun yi, su ma sun yi, kuma yana yi. Mutumin da ya tashi a bakin gulbin Rima bai san wata ƙazanta da ruwa ba ya tafiya da ita ba.

Arzika ya ce, "A'a. An hana."

Shi ke nan abin da ya ce. Bai faɗi wa ya hana ba, bai faɗi dalili ba, bai ambaci rijiya ba. Ya ɗauki garwarsa ya ci gaba da yayyafi. Musaddiq ya tashi yana jinjina kai, ya tafi da fassararsa. Fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi, tsoho ya rasa albasar bana, ga inji a jingine. Me ya rage a gane? Kunya ce ta hana shi cewa ba shi da abin zuba wa inji, shi ya sa ya fake da an hana. Kuma a tungar nan, in an yi maka tayin alheri, ladabi shi ne ka fara cewa a'a.

Cikin sanyi aka yi shelar aikin ido a wani asibiti a Birnin Kebbi. Ummu Hani ta zo daga Zauro ta kafa wa ubanta kuka sai ya je. Ya yi ta ja, daga baya ya yarda, don shi ma yana son ya ga bisashen nan da idonsa kafin ya mutu. Ya yi wa tsibin yayyafi, ya lulluɓe su da bambaro don kada su bushe, ya roƙi Musaddiq abu guda, ya riƙa cika randa. Suka tafi da Maryamu. Kwanakin da aka ce za su yi suka ninka, saboda idon ya ɗan yi ruwa likita ya ce a dakata. Caroline takan leƙo da lemo bayan ta tashi aiki, ya tambaye ta ko bisashe za su jure, ta ce za su jure.

Ran da aka sallame shi, duniya ta dawo masa sabuwa. A mota yana ta kallon ganyen itatuwa, yana mamakin ashe haka fuskar Maryamu ta tsufa. Suka sauka a gindin tsamiya. Randa cike take, an share wurin tas. Ya ji daɗi. Sannan ya juya ya dubi gangare.

Gonarsa tana ƙyalli kamar tafki. Babu tsibi ko ɗaya, an baje su, an ɗaga bakin gonar da laka, ruwa ya kwanta a kai shamɓal. Bambaron da ya lulluɓa yana yawo a sama. Da sabon idonsa ya ga wasu launuka suna murɗawa a fuskar ruwan, kore da ja da shuɗi. Injuna suna jere a gefe, tiyo a miƙe har bakin gulbi. Mazan tunga kuma suna tsaye da laka har gwiwa, kowa baki har kunne, suna jiran su ga murnarsa.

Musaddiq ya matso yana goge hannu a riga. "Baba, sannu da zuwa, ya jiki? Gayya munka yi ma. Kowa ya kawo ɗan man da shika iyawa. Tun bayan tahiyarka muna cika ta, in ta shanye mu ƙara. Ka ga yanzu ko wari babu sosai, duk ya yi ƙasa."

Duk ya yi ƙasa. Arzika ya dafa tsamiya. Ya dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, yana ganinsu sarai a karon farko cikin shekaru. Ga wanda ya bar tasa albasar da ƙishi don ya kawo injinsa. Ga wanda Arzika ya san gidansa ba a ɗora tukunya kullum, amma ya sayi fetur. Ba wanda ya zo don ya cuce shi. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, babu wanda zai riƙe da fushi, sai bakinsa da ya ƙi buɗewa ranar da ya kamata.

Ya ce, "Allah shi saka da alheri. Allah shi bar zumunci."

Suka amsa da amin, suna jin daɗi. Al'ada ce a ciyar da 'yan gayya, don haka Maryamu ta shiga gida da gajiyar hanya ta ɗora tukunya, ta yanka zakaran da take ajiya. Aka ci aka yi raha a ƙofar gida. Arzika ya zauna tare da su, ya ce magani ne ya hana shi cin abinci.

Washegari ya fasa bakin gonar ya saki abin da ya rage na ruwa, amma mafi yawa ya riga ya nutse. Ya cusa hannu cikin laka, sanyi ƙalau, ga wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Da Caroline ta zo ta gani, sai ta zauna daɓas a ƙasa da kayan aikinta. Sannan ta miƙe a fusace ta ce sai ta je ta same su.

Ya tare ta. "Malama, kada ki hwaɗa musu. Alheri sunka yi."

"Baba, ba ka gaya musu dalili ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce an hana."

Ta dubi tsohon. Ita ma ranta yana gaya mata da ta tara mutanen tungar tun farko ta yi musu bayani da bakinta, maimakon ta bar saƙo a hannun mutumin da kowa ya san ba ya magana.

Daga nan sai jira. Kowace safiya ya jefa guga, ya duba, ya shinshina, ya ɗanɗana, sannan ya kai randa. Garɗin yana nan. Har ya fara sa rai ko lakar nan ta riƙe, ko Malama ta yi kuskure a karon nan. Ya fara cin abinci. Sai wata safiya, sanyi ya fara wucewa, ya jawo guga ya karkata shi wajen haske, ya ga siririn launin nan yana yawo a kan ruwan. Da idon da yake da shi bara ne da bai gani ba. Ya kai baki duk da haka. Ya furzar. Tun da aka haife shi bai taɓa furzar da ruwan rijiyar nan ba, sai ya tsuguna a bakinta ya yi kukan da bai yi ba ranar da tanka ta faɗi.

Caroline ta ɗebi ruwan ta kai ɗakin gwaji, ta dawo ba ta ɓoye masa komai ba. Ba a sha, ba a girki da shi, ko dabba kada a ba. Ta ce can ƙasa ma akwai irin halittun, amma iska ba ta isa wurin, don haka a hankali suke ci, abin sai shekaru, kuma ba ta san ko nawa ba. Akwai injunan da ake hura iska cikin ƙasa da su, amma ba abin da ita ko shi za su iya kawowa ba ne. Abin da ke hannunsu shi ne a sake tara taki da ɓuntu, a sake ɗaga tsibi, ya riƙa jawo ruwan rijiyar yana yayyafa musu, su cinye man da ke ciki kaɗan-kaɗan.

Ya ce, "Malama, ina ganin ranar da za a sha ta?"

Ta dubi bakin rijiyar, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ba ta amsa ba. Ya gode mata a ransa da ba ta yi masa ƙarya ba.

Magana irin wannan ba ta ɓoyuwa a tunga, tunda gidaje da yawa a rijiyar nan suke ɗiban ruwan sha. Da Musaddiq ya gane abin da gayyarsu ta yi, ya zo ya tsaya a zauren Arzika ya kasa zama, hawaye na bin gemunsa. Arzika ne ya riƙa ba shi haƙuri. A ranar ya zaunar da shi ya yi masa bayanin komai, tun daga taki har zuwa laka, doguwar maganar da bai taɓa yin irinta ba. Musaddiq ya ɗauki alkawarin kawo ruwa daga famfon Argungu a bayan babur don kada randa ta bushe, kuma ya yi ta kawowa har wani lokaci. Amma ga nisa, ga fetur, ga tasa gonar da iyalinsa. Jarka ta koma zuwa jefi-jefi, daga baya ta daina. Arzika bai ga laifinsa ba. Ya gwada zuba ruwan zartsi na cikin tunga, wanda su ma yanzu shi suke sha, sai ya ga matafiya suna kurɓa suna tofarwa, wani har cikinsa ya murɗa. Ya wanke randar ubansa, ya kife ta a kan yashi, ya cire moɗar daga reshe ya kai ɗaka.

Yanzu in ka bi hanyar da hantsi za ka gan shi. Ya ƙara ramewa, kuma Maryamu ta daina tsokanarsa da zancen bisashe. Tsibin sun sake tashi, sun sake ɗumi, ƙasar sama tana warkewa, har Caroline ta ce baɗi za a iya dasa albasa a gefe. Shi dai kullum yana jan guga kamar yadda ya saba tun yana saurayi, sai dai ba ya hawa tudu da shi, gona yake nufa.

Ranar wata kasuwa, bazara ta tsaya, rana kamar ta faɗo, wata mota ta tsaya a gindin tsamiya. Direban baƙo ne, ya ji labarin randar a bakin 'yan tasha. Ya fito ya ga randa a kife, ya waiga, sai ga tsoho yana tahowa daga rijiya da bokiti cike, ruwa garai-garai yana tangaɗi a ciki. A bayan motar akwai mace da yara, sun leƙo ta taga leɓunansu a bushe.

"Baba, sannu da aiki. A taimaka muna da ruwa, yara sun galabaita."

Arzika ya tsaya. Ya dubi bokitin, ya dubi yaran. Ya ji muryar ubansa kamar yanzu ake maganar.

"Babu ruwa, ɗana."

Direban ya dubi bokitin, ya dubi tsohon sama da ƙasa, ya ja tsaki. Arzika ya ajiye bokitin da sauri ya matso, ya fara bayani, yana cewa tanka ce ta faɗi, mai ne a ciki, ba a sha, in sun ƙara gaba kaɗan za su samu. Amma mutumin ya riga ya buga ƙofa, yana cewa bai taɓa ganin wanda ke rowar ruwa ba sai yau. Motar ta sha kwana ta ɓace, ƙaramin yaron yana waigen bokitin ta gilashin baya.

Arzika ya daɗe a tsaye a bakin titi, sauran maganar tana bakinsa. Sannan ya sunkuya ya ɗauki bokitin, ya gangara gona, ya juye a garwa, ya fara yayyafa wa tsibin farko.